Iska ta sama take kama gida, ruwa kuwa ta ƙasa: fashin baƙi kan kare gini daga guguwa da ambaliya

Da asubahin ranar 24 ga Agustan 1992, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Andrew ta afka wa kudancin jihar Florida a Amurka, iskarta na gudun kusan kilomita 265 a awa ɗaya. Kafin hantsi, gidaje sama da 25,000 sun zama tarkace, wasu kimanin 100,000 sun lalace. Kowa ya ɗauka ƙarfin iskar ne kawai, tunda ba ƙaramar aba ba ce. Sai da injiniyoyi suka shiga cikin ɓaraguzan suna ɗaga katako ɗaya bayan ɗaya, sannan wani zancen ya fito. Sun tarar da allunan rufi da aka maƙale da 'yan sirarun wayoyi na bindigar kafinta a maimakon ƙusa. Sun tarar da ƙusoshin da suka huda allo amma suka kauce wa katakon da ke ƙasa, ba su riƙe komai ba. A rukunin gidaje na Country Walk ɓarnar ta yi muni ƙwarai, alhali gidajen da ƙungiyar Habitat for Humanity ta gina wa marasa ƙarfi a yankin, da hannun 'yan sa-kai masu buga ƙusa babu rowa, sun tsaya da rufinsu. Dokar gini tana nan a rubuce tun kafin guguwar, kuma ana yi mata kallon mai tsauri. Masu bi su duba ko an yi aiki da ita ne suka yi ƙaranci, magina kuma suna gaggawar sayar da gidaje.

Abin da wannan ya koyar shi ne iska da ruwa abokan gaban gida ne guda biyu daban-daban, ko da a dare ɗaya suka zo. Maganin iska yana hannun maigida da kafintansa, kuma bai kai tsadar da ake zato ba. Maganin ruwa kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ƙarfin bango ba ya cikin abin da ke korar sa. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya zai kashe kuɗi a inda ba nan matsalarsa take ba.

Mu fara da iska. Mutane da yawa suna ganin ture gida take yi. Tana turawa, amma babban aikinta a kan rufi tsotsa ne. Idan ta bi ta saman rufi da gudu sai ta riƙa jan sa sama, kuma jan ya fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufin da ya leƙo waje. Ƙarfinta ba ya hawa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dannawa da shi ya ninka sau huɗu. To idan taga ta fashe ko ƙofa ta ɓalle a ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta riƙa tura rufin daga ciki, ta waje kuma tana ja. A nan ne rufi ke tashi ɗungurungum. Da zarar ya tashi, bangayen da dā shi ke haɗa kawunansu sun zama kowa tasa ta fisshe shi, sai su kife. Shi ya sa tsohuwar shawarar nan ta a buɗe tagogi don iska ta wuce take da haɗari, kuma manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa.

Saboda haka duk gyaran da Florida ta yi ya tattaru a kan abu ɗaya, wato ɗauri. A ɗaure rufi da katakonsa, katako da bango, bango da harsashin gini, ta yadda jan da iska ta yi a sama zai gangaro har ƙasa ba tare da ya tarar da mahaɗar da ta yi sako-sako ba. Ana yin haka da 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da ake naɗa wa kowace rafta a kafe su a bango, da ƙusoshi masu zobe-zobe a jiki waɗanda ba sa zarewa da sauƙi. An tsaurara dokar yankin Miami a 1994, sannan a 2002 jihar gaba ɗaya ta koma kan dokar gini guda. A gundumomin Miami-Dade da Broward, kafin a yarda da taga ko ƙofa sai an gwada ta: a harba mata guntun katako mai nauyin kusan kilo 4 da gudun kimanin kilomita 55 a awa, a ga ko zai huda. An kuma lura cewa rufi mai gangare ta fuska huɗu ya fi jure iska a kan mai gangare biyu, wanda ke barin dogon bango mai tsini a gefe iska ta yi ta duka. Babu wani sihiri a cikin wannan duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska ma haka take neman mahaɗar da aka yi wa rowar ƙusa.

Irin wannan guguwa ta teku ba ta zuwa ƙasar Hausa, amma akwai dangantaka ta gaske a tsakani. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin tekun Atlantika, har da Andrew ɗin kanta, asalinsu hadari ne da ya keto yankinmu daga gabas zuwa yamma, ya faɗa teku ta gaɓar Afirka ta Yamma, ya sha ɗumin ruwa ya ƙasaita. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina, wadda ke tada jar ƙura kafin ɗigon farko ya sauka, ita ce ke yaye mana kwanukan ajujuwa da masallatai da shaguna duk shekara. Gudunta bai kai na Andrew ba ko kusa, kuma wannan ne abin takaicin: rufin da aka ɗaure yadda ya kamata bai cancanci ya tashi a irin wannan iskar ba.

Kafintocinmu sun san maganin, sunansa langa-langa. Matsalar tana wajen inda ake kama shi. Sau da yawa za ka ga an zagaya shi a bulon ƙarshe na sama kawai, bulon da shi kansa ɗan siminti kaɗan ke riƙe da shi. Ranar da iska ta zo sai ta ɗauke kwanon da katakon da layin bulon gaba ɗaya, ta jibge su a gidan maƙwabci. Inda ya dace a kama shi shi ne cikin kankaren linta da ta zagaye ginin, a sa shi tun ranar zuba kankare ya cije da rodi, ko aƙalla a sauko da shi layi uku ko huɗu na bulo. Kowace rafta ta samu nata, kada a tsallake biyu a ɗaure ɗaya. Ƙusar kwano mai hula a buga ta a kan tudun kwanon, a ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi inda tsotsar ta fi ƙarfi, a lanƙwashe bakinta ta ƙasa inda hannu ke kaiwa. Katakon da gara ta cinye ba ya riƙe ƙusa komai yawanta, don haka duba silin a ƙarshen rani ya fi sabon fenti amfani. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke ɗora wa rufi kuwa suna taimakawa a ƙaramar iska, amma a babba su ne ke zama makami a kan yaran da ke tsakar gida, tayar kuma ta tara ruwa ta haifar da sauro. Kuɗin langa-langa da ƙarin kilo biyu na ƙusa ba su kai kuɗin bandir ɗaya na kwano ba, amma a nan ne ake yawan cewa a rage.

Soron gargajiya na azara da ƙasa ba ya wannan fargabar, don nauyinsa ya fi ƙarfin iska. Abokin gabarsa ruwa ne, kuma zancen ruwa ya fi tsawo.

Ƙididdigar cibiyar lura da guguwa ta Amurka ta nuna cewa a cikin shekaru 50, daga 1963 zuwa 2012, kusan mutum tara cikin goma da irin waɗannan guguwoyi suka kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, galibi tunkuɗowar teku ko ambaliyar ruwan sama. Dalilin a fili yake idan aka dubi nauyi. Ruwan da ya cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, nauyinsa tan guda. Idan ruwa ya kai mita ɗaya a bayan bango alhali cikin ɗakin a bushe yake, kowace mita ta tsawon bangon tana ɗauke da turin kusan rabin tan. Idan ya kai mita biyu, turin ya koma tan biyu. Wannan ruwan da ke tsaye ke nan. Mai gudu yana ƙara duka, yana ɗauko itatuwa da motoci ya maka wa gini, yana kuma rarake ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Saboda wannan lissafin ne injiniyoyi suke ba da shawarar da kan ba mutane mamaki: idan ruwan zai haura kusan mita ɗaya, kada a yi ƙoƙarin toshe shi a waje da bangon gida na yau da kullum, gara a bar shi ya shiga. A yankunan ambaliya na Amurka ana barin ƙofofin ruwa a gindin bangon gida, domin ruwan ciki da na waje su daidaita, bango ya huta. A bakin teku kuma ana ɗora gidan a kan ginshiƙai, a yi bangayen da ke tsakanin ginshiƙan da gangan marasa ƙarfi, yadda igiyar ruwa za ta ɓalle su ta wuce ba tare da ta ja ginshiƙan ba. Lokacin da guguwar Michael ta share garin Mexico Beach na Florida a watan Oktoban 2018, hoton wani gida guda da ya tsaya a bakin teku cikin kufai ya zagaya duniya. Na kankare ne da rodi, a kan turakun da aka kafa kusan mita 12 cikin ƙasa. Bangayensa na ƙarƙashi da matakalarsa sun tafi kamar yadda aka tsara, saman kuma ya tsira. Ina ganin darasin da ke cikinsa ya wuce na kuɗin mai shi, wanda ba kowa ke da irinsa ba: ya ba ruwa hanya, ya ɗaga abin da yake so ya tsira.

Ɗagawar ma ba sabuwar dabara ba ce. Bayan guguwar 1900 da ta kashe aƙalla mutum 6,000 a Galveston ta jihar Texas, mutanen garin sun gina katangar teku mai tsayin kusan mita 5, sannan suka ɗaga gine-gine sama da 2,000 da jak, suka turo yashi daga teku suka cike ƙarƙashinsu. Bayan ambaliyar kogin Mississippi ta 1993 kuwa, ƙauyen Valmeyer na jihar Illinois ya tattara ya koma kan tudu gaba ɗayansa. Har yanzu gwamnatin Amurka tana sayen gidajen da ambaliya ta saba ci, ta rushe su, ta hana sake gini a filin.

Sai batun katangar tare ruwa, wadda ita ce kowa ke roƙon gwamnati ta gina. Tana aiki, amma tana da wani tarko. Da zarar an gina ta sai hankali ya kwanta, gidaje su cika kwarin da dā ake tsoro, ranar da ta karye kuma ɓarnar ta ninka wadda za a yi da babu ita. A ranar 29 ga Agustan 2005, guguwar Katrina ta bar kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans a cikin ruwa, sama da mutum 1,300 suka mutu a faɗin yankin. Wasu katangun magudanan birnin sun kife tun ruwa bai kai bakinsu ba, saboda kuskuren zane da laushin ƙasar da aka kafa su. An kashe sama da dala biliyan 14 an sake tsarin, kuma da guguwar Ida ta zo a rana irin wannan a 2021, katangun sun riƙe. Ke nan katanga da madatsar ruwa abubuwa ne da ake ciyarwa duk shekara da dubawa da gyara. Mutanen Maiduguri sun ga haka da idonsu a daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya bi kogin Ngadda ya shiga Fori da Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994 daga madatsar guda. Babu irin bulon da maigida a Gwange zai saya da zai tsare shi daga wannan.

Akwai wata magana da ke rikita mutane a ko'ina, ta “ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari”. Ba ta nufin idan ta zo bana an huta sai jikoki. Tana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Wanda ya zauna shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 ta ganin ta, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Haka nan a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yanki ta daban a ƙarƙashin shirin tarayya da aka kafa a 1968, kuma duk bayan guguwa sai an ga iyalan da ba su san haka ba sai da ruwa ya janye.

A wurinmu yawancin gidajen da damina ke kayarwa ba kogi ne ke cin su ba. Ruwan sama ne da ya rasa hanya ya kwanta a gindin katanga. Ginin ƙasa yana iya shekara ɗari muddin kansa da ƙafarsa a bushe suke, amma tubali idan ya kwana biyu a cikin ruwa sai ya koma laka, nauyin da ke sama ya danne shi. Tsohon masallacin Zinder na ƙarni na 19, wanda ya ga damina fiye da 150, ruwan sama mai yawa ne ya kayar da shi a farkon Satumban 2024. Magina na dā sun san inda ciwon yake. Suna ba bangon gabas kulawa ta musamman don daga can hadari ke bugowa, suna yaɓe da makuba ko laso kafin ruwa ya sauka, suna sa indararo mai tsawo yadda ruwan soro zai faɗi nesa da gindin gini, suna kuma yin dakali a jikin bango. Duk wanda ya taɓa kallon indararon da ya karye ya san yadda abin ke tafiya: ruwa na bin jikin bangon yana sassaƙa rami siriri, a ƙasa kuma ya haƙa ɗan gurbi, damina ɗaya ta isa gurbin ya ci rabin kaurin katangar. Yaɓen siminti a kan ginin ƙasa, wanda ake yi da kyakkyawar niyya, yakan ɓoye wannan ciwon. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a baya, ta waje bango sumul, ta ciki ya ruɓe. Ga mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi amfani shi ne harsashi da layukan farko na dutse ko bulon siminti har su haura inda ruwa ya taɓa kaiwa, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta don tare danshi, sannan a ɗora tubali a kai.

Tsayin daɓen gida shi ne kariya mafi arha idan tun farko aka yi shi, mafi tsada idan aka zo yi daga baya. A ɗaga shi sama da titi da tazara mai kyau, a tuna cewa titi yana hawa duk lokacin da aka sake zuba masa ƙasa ko kwalta. Unguwanni da yawa a tsofaffin biranenmu yanzu sai an sauka ake shiga zaure. Soket da mita da akwatin wuta su hau sama, haka buhunan hatsi da takardun fili da na makaranta. Buhunan yashi a bakin ƙofa suna tare ruwa mara zurfi idan an jera su kamar bulo an haɗa da leda, ba a cika su tim ba, amma ba sa tare ambaliya ta gaske.

Sai dai a nan ne iyakar mutum ɗaya take. Idan na cike filina na ɗaga, ruwan bai ɓace ba, gidan wanda bai da kuɗin tifar ƙasa ya koma. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina tsohuwar Kano su ne ma'ajiyar ruwan birnin, yau an cike da yawansu an yanka filoti, ruwan kuma yana nan zuwa duk Agusta yana neman inda ya saba kwanciya. Kwata ta cika da leda da yashi, kwalbati ya toshe, wani ya ja katangarsa ta hau kan lambatu. A Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, ciyawar kacala da ta cushe hanyoyin kogi tana sa ruwa ya fantsama cikin gonaki da gidaje. A Mokwa ta jihar Neja, ruwan da ya sauko da asubahin 29 ga Mayun 2025 ya kashe mutum sama da 150, ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane na barci. Najeriya tana da kundin dokar gini tun 2006, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara da sunayen ƙananan hukumomi, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ma tana fitar da na damina. Abin da Florida ta rasa kafin 1992 shi muke rasawa: mai zuwa ya duba, da mai ƙarfin halin hana izinin gini a kan hanyar ruwa ko da mai filin babba ne. Ni a ganina wanda ya sa hannu aka yanka fadama aka sayar wa talaka a matsayin filin gida yana da kaso a alhakin duk katangar da ta faɗa wa yaro a wurin.

Mai neman fili kuwa, kada ya saya da rani. Ya je a tsakiyar Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya dubi layin danshi da gansakuka a katangun maƙwabta, ya nemi dattijon da ya noma wurin kafin gari ya iso ya ce masa, “Baba, ina ruwa yake bi a nan shekarar da aka yi mai yawa?” Amsar dillali ba za ta maye gurbin wannan ba.

Haɗarin kuma ba ya ƙarewa da janyewar ruwa. Katangar ƙasa da ta sha ruwa takan faɗi bayan kwana biyu ko uku, galibi da dare, lokacin da iyali suka dawo suka shimfiɗa tabarma a gindinta. Kafin a koma kwana a ɗaki a duba sabuwar tsaga, musamman wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, da bangon da ya yi ciki, da ƙofar da ta daina rufuwa, da azarar da bakinta ya jiƙe. Idan an ga ɗaya daga ciki a tokare bangon, a kwana a waje ko a maƙwabta har magini ya gani. Kada a mayar da wuta sai wayoyi sun bushe mai gyara ya duba. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa ta haɗu da abin da ke cikin shadda da sokawe, don haka sai an kwashe ta an zuba sinadarin kilorin, a riƙa tafasa ruwan sha kafin nan, domin amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya da 'yan kwanaki.